Tambaya da Amsa: Wahalar Kwampailin a Kan Supakwamfuta

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda ake yin kwampail, ma'ana mayar da rubutaccen kod ya zama manhajar da ke aiki a kan firosesa masu yawa lokaci guda a manyan kwamfutocin bincike, waɗanda ake ce wa supakwamfuta. Ina zaton lokacin firojet ne ya zo, kowa supabaizansa ya sa shi a gaba. Na zaɓi guda shida, na ɗan datse wasu saboda fili.

Tambaya: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibin digiri na biyu ne, ina aiki a kan hasashen ruwan sama da manhajar hasashen yanayi ta WRF. An ba ni akawun a wata supakwamfuta ta ƙasar waje, na yi kwampail komai ya fita lafiya, amma in na nemi firosesa 64 aikin ba ya ƙara sauri ko kaɗan, kai ya ma fi na laftof ɗina nawa, kuma rsl.out.0000 da rsl.error.0000 kawai nake gani a folda. Awowin da aka ba ni sun kusa ƙarewa wallahi. Me na yi ba daidai ba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ka dakatar da duk aikin da ka tura layin jira, don kowace awa goma da ya yi a kan firosesa 64 awa 640 ake cire maka, kuma a banza.

Ka gode wa Allah da ka ambaci fayilolin rsl, inda WRF ke rubuta rahoton aikinsa, su suka tona asirin. WRF, wanda cibiyar NCAR da ke Boulder a Amurka ke kula da shi, in an haɗa shi da zaɓin dmpar mai raba aiki tsakanin firosesa da yawa, kowane firoses, wato kowane kwafin manhajar da ke gudana, yana rubuta nasa rsl ɗin, ke nan ya kamata ka ga daga 0000 har zuwa 0063. Tunda guda ɗaya kake gani, ka buɗe shi ka nemi layin da ke cewa Ntasks in X da ntasks in Y. Lafiyayyen aiki na 64 zai nuna 8 da 8, naka kuwa ina da yaƙinin 1 da 1 zai nuna. Ma'ana kamar ka yi gayya ne mutum 64 suka zo gona, maimakon a raba musu kunya-kunya sai kowa ya ɗauka shi kaɗai aka kira, ya fara daga kunyar farko, duk suna noma wuri ɗaya suna take wa juna ƙafa. Su 64 ɗin suna rubutu a fayil ɗaya, shi ya sa ma ya fi laftof ɗinka nawa.

Abin da ke jawo haka kusan kullum abu ɗaya ne, wato cakuɗa MPI iri biyu. MPI ba manhaja ɗaya ba ce, ƙa'ida ce da aka fitar tun 1994 ta yadda firoses za su dinga aika wa juna saƙo, sannan mutane daban-daban suka rubuta nasu a kan ƙa'idar, akwai MPICH na ɗakin binciken Argonne, akwai Open MPI, akwai na Intel, akwai na Cray. In ka yi kwampail da ɗaya ka zo ka tayar da aikin da mpirun na wani, wato umarninsa na tayar da aiki, ba lallai ya yi maka ihu ba, shiru zai yi ya tayar da kwafi 64 kowanne yana ganin shi ne lamba 0 a duniyar mutum ɗaya. Ka rubuta which mpirun, ka rubuta ldd wrf.exe ka dubi layin libmpi, in hanyoyin foldar biyu ba gida ɗaya suka nufa ba to ka kama ɓarawonka. Kuma ka duba wannan daga cikin sikirif ɗin da kake turawa layi, ba daga taminal kawai ba, don sau da yawa mutum yana yin module load, umarnin ɗora manhajar da yake so a injin, da hannu lokacin kwampail, gobe ya shigo ya manta, sikirif ɗin aiki kuma babu layin a ciki.

To maganin da zan ba ka shi ne wanda zan yi ta maimaita wa kowa a shafin nan yau. Ka buɗe fayil ɗaya, ka kira shi env.sh ko duk sunan da ka ga dama, layin farko module purge, sai module load na kwampaila da lambar bashon ɗinsa, wato fitowarsa, a rubuce, sai na MPI, sai laburaren ajiye bayanai HDF5 da netCDF, duk da lambobinsu. Kada ka rubuta module load gcc ka tsaya nan, don ranar da masu kula da injin suka canza wanda ke zuwa da kansa kai ma an canza maka ba ka sani ba. Sikirif ɗin kwampail ya fara da source env.sh, sikirif ɗin aiki shi ma ya fara da source env.sh, fayil ɗaya tak su biyun suke sha. In injin na Cray ne ka yi hattara da purge, yana iya kwashe har abubuwan da injin ke buƙata, can ana sauya PrgEnv ne, wato module ɗin da ke zaɓar kwampaila, ka karanta takardar cibiyar.

Ni kaina abin ya taɓa cina a wata cibiya da na yi aiki. Kwana uku ina zargin injinsu, har na rubuta wa masu kula da shi wasiƙa mai ɗan zafi, ashe wani tsohon module load ne da na saka a .bashrc watanni baya na manta da shi, duk shigar da zan yi sai ya ɗora min wani MPI daban a ƙarƙashin wanda nake so. Kunyar da na ji ranar ba a magana. Tun daga nan babu module ko ɗaya a .bashrc ɗina.

Sannan tunda WRF ne, netCDF na Fortran dole ya zama da kwampaila ɗaya aka gina shi da wanda kake amfani da shi, fayilolin .mod na gfortran ba sa shiga na Intel, har tsakanin wasu bashon na gfortran ɗin ma ba sa jituwa. Ka yi ./clean -a ka sake configure daga farko. Kuma kada ka yarda da cewa "ya gama babu matsala", kwampail na WRF yana iya tsallake ero ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi ba, sai ka sa sikirif ɗinka ya duba da kansa ko wrf.exe da real.exe suna cikin foldar main, in babu ya tsaya ya faɗa maka. In ka gama, gwada da firosesa 4 na minti biyar, ka ƙirga rsl huɗu da idonka, sannan ka koma 64.

Tambaya: Malam ina wuni. Kod ɗina na C++ ne da OpenMP da MPI. In na gwada shi a inda nake shiga yana tafiya sumul, amma da na tura shi layi da umarnin sbatch sai ya mutu nan take ya rubuta Illegal instruction. Wani ya ce min bairos ne. Daga wata 'yar'uwa mai digiri na uku a Jamus.

Amsa: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ba bairos ba ne, ki kwantar da hankalinki. Ki duba Makefile ko CMakeLists ɗinki, zan yi mamaki in babu -march=native a ciki, ko -xHost in kwampailan Intel ne.

Supakwamfuta ba kwamfuta ɗaya ba ce, gida ne mai zaure da ɗakuna. Inda kike sauka in kin yi ssh shi ne zaure, nod ɗin shiga ke nan, nan ake gyara fayil a tura aiki. Aikin kansa a ɗakunan ciki ake yinsa, nod-nod na lissafi, kuma babu dokar da ta ce firosesan zaure da na ɗaki sai sun zama iri ɗaya. Shi -march=native cewa yake wa kwampaila "dubi firosesan da kake kai yanzu ka yi amfani da duk umarnin da ya iya". In na zauren ya iya rukunin umarni na AVX-512 na ɗakin kuma a AVX2 ya tsaya, da ya ci karo da umarnin da bai sani ba sai ya faɗi. Akasin haka ma yana faruwa kuma ya fi ban haushi don shi ba ya mutuwa, zauren tsoho ne ɗakin sabo, kod ɗin ya yi ta tafiya a hankali kina asarar saurin da kike da haƙƙinsa ba ki sani ba.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Fugaku ta cibiyar RIKEN a Kobe ta Japan, wadda ta zama ta ɗaya a duniya a 2020. Nod ɗinta na lissafi A64FX ne na Fujitsu, dangin ARM, zaurenta kuwa Intel ne, yarensu ma ba ɗaya ba, shi ya sa suke da kwampaila na musamman irin su mpifccpx da ke zaune a zaure yana fitar da kod na ɗaki.

Hanya biyu ce. Ko ki yi srun lscpu a bangaren da za ki yi aiki ki ga ainihin firosesan, ki rubuta sunansa ƙarara, misali -march=znver3 ko -march=skylake-avx512, ko kuma ki mayar da kwampail ɗin kansa aiki, ki tura shi da sbatch ya gudana a ɗakin. Ni na fi son ta farko don a rubuce take, wanda ya gaji kod ɗin bayan kin gama zai gani ya gane. Ta biyun tana da ɗan tarko, a cibiyoyi da yawa nod ɗin lissafi ba su da intanet, in ginin naki yana sauko da wani abu daga GitHub a tsakiyar hanya zai maƙale. In injin yana da bangarori masu firosesa daban-daban, kowanne ki yi masa foldar gini tasa.

Tambaya: Yallaɓai na canza kwampaila daga GCC zuwa Intel da module, na sake cmake, manhajar da ke shirya kwampail, amma har yanzu GCC yake ɗauka. Ko CMake ɗin ne ya lalace? Daga Maraɗi.

Amsa: Lafiyarsa ƙalau ɗan'uwa, taurin kai ne da shi kawai. Ranar farko da ka kira shi yana rubuta kwampailan da ya gani a CMakeCache.txt, daga nan ya riƙe shi gam. Goge foldar build gaba ɗaya ka sake, shi ya sa ake gini a folda daban da ta kod tun asali, don gogewa ta zama ba fargaba. Ka faɗa masa abin da kake so a fili da -DCMAKE_C_COMPILER da -DCMAKE_Fortran_COMPILER, a cikin CMakeLists kuma ka yi find_package(MPI REQUIRED) ka haɗa da MPI::MPI_C ko MPI::MPI_Fortran. In ya gama ka karanta layin da ya ce Found MPI ka ga wace folda ya nuna, mutane ba sa karantawa, sau da yawa wani MPI na conda yake tsinta. A injin Cray kuwa cc da CC da ftn ake ba shi, su suka san inda MPI ɗin gidan yake.

Tambaya: Salam Malam. Ni malami ne a jami'a, ina da ɗalibai biyar muna rubuta kod ɗaya na Fortran da MPI a ma'ajiyar kod ta GitLab. Matsalata kowane sati sai wani ya ɓata wani abu, ba ma ganewa sai bayan wata guda. Ina so duk wanda ya tura gyara a yi kwampail a gwada kai tsaye a kan supakwamfutar da muke amfani da ita. Na nemi a bar ni in saka rana (runner) na GitLab, wato manhajar da ke gudanar da gwajin da kanta, masu kula da injin sun ƙi. Sannan gwajin da muka rubuta ma wani lokaci ya wuce wani lokaci ya faɗi, lambobin ƙarshe suna bambanta in mun canza yawan firosesa. Daga wani Dakta a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Dakta, Allah ya ƙara girma. Tambayarka biyu ce a cikin ɗaya, kuma ita ce ta fi min daɗi a watan nan.

Ƙin da suka yi kada ka ɗauke shi wulaƙanci. Ka duba ta bangarensu, rana na GitLab yana nufin duk wanda ya iya tura kod a ma'ajiyarku ya iya gudanar da umarni a cikin injinsu da sunanka, ko da ba su taɓa tantance shi ba, ko da fasuwod ɗin ɗalibi aka sace. Injin da ɗaruruwan masu bincike ke ajiye bayanansu ba za a buɗe masa irin wannan taga haka kawai ba. Saboda wannan matsalar ce ma a ƙarƙashin shirin Exascale Computing Project na Amurka aka rubuta Jacamar CI, wanda ke sa aikin ya gudana da sunan wanda ya tura gyaran kuma ya bi ta layin Slurm ko PBS, manhajojin da ke tsara layin aiki, kamar kowa. Ka tambaye su ko suna da shi ko wani abu makamancinsa, amma su ne za su girka, ba kai ba. Kuma don Allah kada wani ɗalibi mai wayo ya ce zai ɓoye rana a cikin tmux, mai barin aiki ya ci gaba bayan mutum ya fita, a zaure, ranar da aka gano akawun ɗinku duka za a rufe.

Ga abin da zan yi da ni ne. Gwajin ya zama hawa biyu. Hawan farko a GitLab ɗin da kansa, cikin kwantena, wato ƙunshin manhaja da duk kayan da take buƙata, ta Ubuntu da gfortran da Open MPI, duk gyaran da aka tura a yi kwampail a gudanar da ƙaramin gwaji da mpirun -np 4, in injin gwajin bai kai kor huɗu ba a ƙara --oversubscribe. Mutane suna raina wannan suna cewa ai ba supakwamfuta ba ce, amma galibin ɓarnar ɗalibai a nan ake kama ta, wanda ya manta waƙafi, wanda ya karanta waje da iyakar arre, wanda ya sa firoses biyu kowa na jiran saƙon ɗan'uwansa har abada. A wannan hawan ka kunna -fcheck=all da -g da -O0, sannan ka sa iyakar lokaci, don kod ɗin MPI in ya cije ba ya mutuwa, zama yake yi ya zuba maka ido. Ka gwada da 1 da 2 da 3 da 4, kada ka tsallake 3, lamba mara ita ke fallasa wanda ya raba aiki yana zaton kullum zai rabu daidai. In akwai hali ka ƙara kwantena ta biyu da MPICH, abin da ɗaya ya yafe ɗayan ba ya yafewa.

Hawa na biyu shi ne ainihin injin, kuma ba sai kowane gyara ba, sau ɗaya a dare ko ma a sati ya isa. Sikirif ɗaya ne, set -e a sama don ya tsaya a ero na farko, ya ɗauko sabon kod a sabuwar folda fil, ya yi source env.sh, ya gina, ya tura gwajin da sbatch --wait. Wannan --wait ɗin shi ne sirrin, in babu shi sbatch yana dawowa nan take ya ce ya karɓa, sikirif ɗinka ya ɗauka an yi nasara alhali aikin ko farawa bai yi ba yana can layi. Da shi kuwa zai jira har a gama ya dawo maka da sakamakon gaskiya. Gwajin ya zama a kan nod biyu, ko da firoses biyu-biyu ne, don saƙon ya bi ta wayar da ke tsakaninsu, akwai kurakuran da ba sa fitowa sam in duk a nod ɗaya ake. A ƙarshe ya ajiye module list da lambar komit ɗin git a gefen sakamakon. Wasu cibiyoyin suna da scrontab na Slurm don irin wannan aiki na lokaci-lokaci, in babu a sa ɗalibi ɗaya ya dinga tayar da shi duk Juma'a da safe, ba abin kunya ba ne, muhimmin abu dai umarni ɗaya ne ba ashirin ba. In gwaje-gwajen suka yi yawa ka dubi ReFrame na cibiyar CSCS ta Suwizalan, don wannan aka yi shi.

Sai batun lambobi. Dakta ka san wannan a lissafi amma kwamfuta tana da nata hali. Lambar double tana riƙe kusan lambobi 16 ne kawai. Ɗauki 10 mai ƙarfin 16 ka ƙara masa 1, ɗayan ya ɓace don babu wurin ajiye shi, ka cire 10 mai ƙarfin 16 ɗin ka samu 0. Amma in ka fara cirewa sannan ka ƙara 1 sai ka samu 1. Lambobi iri ɗaya, jeri daban, amsa daban. To in ka raba jimla wa firoses 4 jerin tarawar daban yake da na firoses 8, don haka bambanci a can ƙarshen lambobi ba ɓarna ba ce. Kuskuren yana wajen gwajin da ke neman daidaito ɗari bisa ɗari da diff. Ku sa iyaka, ku ce in bambancin dangi bai wuce kaza ba ya wuce, kuma kazan nan ku za ku yanke shi daga ilimin abin da kuke lissafawa, ba ni ba. Sai dai fa in yawan firoses ɗaya ne, injin ɗaya, amma yau amsa daban gobe daban kuma da tazara mai yawa, wannan kam ruwa ba ya tsami banza, ku nemi bariyabul da ba a ba shi ƙimar farko ba, ko zaren OpenMP biyu, wato sassan aiki biyu da ke tafiya tare a nod ɗaya, da ke rubutu wuri ɗaya. Kuma ku cire -Ofast da -ffast-math daga ginin gwaji, suna ba kwampaila izinin sake jera lissafi yadda ya ga dama.

Tambaya: Malam kod ɗin da nake so yana buƙatar laburare sun fi ashirin, PETSc, HDF5, METIS da sauransu, sati biyu ina fama da hannu. Abokina ya ce Spack, wani ya ce EasyBuild, wani ya ce kawai in yi Docker in huta. Wanne ne? Daga Kumasi.

Amsa: Sannu da fama, sati biyu ai ka yi haƙuri. Docker dai cire shi, kusan babu cibiyar da za ta bar ka, don yadda aka saba girka shi mai amfani da shi yana iya zama rut, mai cikakken iko, a injin. Abin da suke bari shi ne Apptainer, wanda a da ake kira Singularity kafin a canza masa suna a 2021, kuma yana iya ɗaukar hoton Docker ya juya shi. Amma kwantena ba ta raba ka da matsalar MPI ba, wanda ke ciki dole ya jitu da na waje da kuma direban wayar injin, in ba haka ba ko dai ya ƙi tashi ko ya koma bin TCP a hankali kana zaune kana murna.

Tsakanin sauran biyun, Spack da EasyBuild, masu gina maka laburare da kansu, duba abin da cibiyarka ke amfani da shi ka bi su, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. EasyBuild daga jami'ar Ghent ta Beljiyam ya fito, cibiyoyin Turai da yawa da shi suke gina module ɗinsu, in naku haka ne za ka tarar rabin aikin an yi maka. Spack kuma Todd Gamblin ne ya fara shi a 2013 a ɗakin binciken Lawrence Livermore, kuma ga mutum ɗaya da ke gini a foldarsa ba tare da izinin admin ba ni shi na fi so. Kana rubuta abin da kake so a spack.yaml, shi kuma ya fitar da spack.lock mai ɗauke da bashon ɗin kowane laburare, ka saka su biyun a git, bayan shekara ka iya sake gina abu iri ɗaya.

Gargaɗi ɗaya mai girma, kada ka bar Spack ya gina maka nasa MPI. In ka ƙyale shi zai sauko da Open MPI ya gina, zai yi aiki kuwa, amma ba lallai ya san InfiniBand ko Slingshot, wayar da ke haɗa nod-nod ɗin injin, ba. Ka nuna masa na gidan a packages.yaml a matsayin na waje ka sa buildable: false. Kuma kafin ka ce install ka yi spack spec ka karanta jerin da zai gina, in ka ga yana shirin gina abin da cibiyar ke da shi tuni ka tsayar da shi. In inda za ka gina babu intanet, spack mirror create zai tattara maka duk kayan a inda akwai, ka kwafe su da rsync, wanda in layi ya yanke ba sai ka faro daga farko ba, ka san yadda netwok ɗinmu yake.

Tambaya: An turo min imel na gargaɗi wai na cika nod ɗin shiga, ni kuma make -j kawai na yi, ko aiki ban tayar ba. Wannan adalci ne? Ba suna.

Amsa: Adalci ne mana ɗan'uwa. make -j ba lamba yana nufin babu iyaka, in fayil 500 ne zai iya tayar da kwampaila 500 a tare, in C++ ne kowanne ya ci memori son ransa, su kuma mutum hamsin da ke zaure tare da kai ko ls ba za su iya ba. Sa -j4 ko -j8, in ginin babba ne ka nemi nod da salloc ka yi make -j$SLURM_CPUS_PER_TASK bayan ka nemi kor ɗin da -c. Ka ba su amsa ka ce ka gane ba za ka sake ba, layi biyu ya isa, su ne dai za ka nema gobe in awowinka sun ƙare.